Darasi na Tara: Dokar Gini da Haƙƙin Maƙwabci a Unguwannin Sakkwato

Wanda ya taso daga Sama Road ya nufi Kanwuri ko Hubbare, zai ga tsarin zama iri biyu a gari ɗaya. A Sama Road an shata titi kafin a gina gidaje, an yanka fuloti da awo, kowane gida da katangarsa da filinsa. A cikin tsohon gari kuwa gidaje ne suka riga hanya. Kaka ya gina, ɗa ya ƙara ɗaki, jika ya fitar da shago, abin da ya saura tsakanin katanga da katanga shi ne rariyar da mutane ke bi. Dokar gini ɗaya ce ta hau kan wuraren biyu, amma irin saɓa mata da ake yi ya bambanta, haka ma irin cutar da ke biyo baya. A wannan darasi za mu duba laifuffukan gini da aka fi yi, da dalilin da ya sa aka hana su, da abin da ya kamata mai gida ya yi kafin magini ya aza bulo na farko.

Yadda aka sami tsari biyu

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya komo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. An kewaye birnin da ganuwa mai ƙofofi, waɗanda sunayensu ke nan har yau: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Da Turawa suka ci garin a 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka yi barikinsu a waje. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta kula da tsara wuraren zaman Turawa da ma'aikata, ta bar tsofaffin birane hannun sarakuna. Daga wannan rabuwa ne aka gaji unguwanni masu taswira da takardu, da kuma unguwannin da shaidar mallakarsu ita ce gado da bakin dattawa.

Dokokin da ke aiki yanzu sun zo daga baya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni ƙarƙashin amanar gwamnan jiha. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce duk mai son yin gini sai ya nemi izini tukuna. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari hurumin jihohi ne, shi ya sa kowace jiha ke da hukumarta, mu a nan muna da Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa.

Ku lura da abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba. A wurin doka, gini bai tsaya ga sabon gida kawai ba. Aza bene kan tsohon gida, mayar da gidan zama makaranta ko asibiti, har ma rushe gini, duk suna cikin ayyukan da ake nema wa izini. Kuma takardar shaidar mallakar fili daban, izinin gini daban. Samun ɗaya bai ɗauke maka neman ɗayan ba.

Kada wani ya ɗauka cewa ƙa'idar gini baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tattauna hukuncin katanga tsakanin maƙwabta, da taga mai leƙen gidan wani, da inda ruwan rufi zai zuba. Wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14. A nan gida, Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan mallakar ƙasa da harabar da ake barin wa gida da rijiya da gari, Alƙalin Gwandu Idirisu ɗan Khalid kuma ya tattara mas'alolin da alƙalai ke buƙata wajen raba gardama, har da gardamar gini. Tushen duka shi ne hana cutar da wani. Akwai kuma hadisi ingantacce da ya sa faɗin hanya kamu bakwai idan an yi saɓani a kanta, wato kimanin mita uku da ɗoriya. Don haka idan ma'aikacin hukuma ya ce ka janye katangarka, abin da alƙalin da ya yi zamani da kakanninka zai faɗa ne ya faɗa.

Cin hanya

Wannan shi ne laifin da ya fi yawa, kuma shi ne wanda mai yinsa bai cika jin ya yi laifi ba. Ba a cin hanya gaba ɗaya. Yau an yi dakali a ƙofar gida don zaman hira. Baɗi an kafa masa rumfar kwano. Shekara mai zuwa an kewaye rumfar da bulo, an sa ƙofa, ta zama shago. Maƙwabci na gani, shi ma ya fito da tasa katangar ta yi daidai da shagon, yana cewa ai layi ya bi. Mai gyaran katangar da damina ta kayar ya ƙara taku ɗaya waje, mai gina masai ya haƙa sokawe a kan hanya saboda cikin gida ba wuri. Kowannensu yana da uzurin da za a saurara. Amma bayan shekara ashirin, rariyar da jaki da kaya biyu ke wucewa ta zama wadda ɗan kabu-kabu ke karkata kafin ya shige.

Ranar lalura ake sanin abin da aka yi. Mace ta fara naƙuda da dare, keke napep ba ya shiga, sai an tallabo ta zuwa bakin titi. An yi rasuwa, masu ɗauke da makara sai sun jirkita ta a kwana. Gobara ta tashi, motar kwana-kwana ta zo ta tsaya can nesa, tiyo bai kai ba. Mutanen Sakkwato ba su manta gobarar babbar kasuwa ta watan Janairun 2021 ba, kuma kowa ya san yadda rumfunan da ake ƙarawa kan hanyoyin kasuwanni ke hana kai ɗauki. Abin da ke faruwa a kasuwa shi ke faruwa a unguwa, sai dai a unguwa mutane ne ke barci a ciki.

A wurare irin Sama Road cin hanyar na da wata siffa. Filin da ke tsakanin katangar gida da kwalta ba na mai gida ba ne. An bar shi ne don magudanar ruwa, da bututun famfo, da falwaya, da masu tafiya a ƙasa, da faɗaɗa titi nan gaba. Mai gida zai ga fili a banza, ya jera shaguna ko ya aje kwantena, ko ya yi wa janareta ɗaki. Ranar da gwamnati ta tashi aikin titi za a rushe, kuma ba diyyar da doka ta tilasta a biya kan ginin da aka yi ba izini a filin hanya.

Hanyar ruwa

Ruwan saman Sakkwato ba shi da yawa idan an haɗa na shekara, amma yana zuwa ne a dunƙule, tsakanin Yuni da Satumba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Ruwan sa'a biyu na iya cika unguwa. Magabata sun san haka, shi ya sa kowace tsohuwar unguwa ke da kududdufi ko gulbin da ruwa ke gangarawa, yawanci ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike waɗannan ramuka da shara, a sayar, a gina. Ruwan kuwa bai daina sauka ba, kuma gangaren ƙasa bai sauya ba. Mutanen Mabera sun shafe shekaru suna kwana a tsaye duk damina, har sai da aka yi babban aikin magudanar ruwa da tallafin Bankin Duniya. Kuɗin da ake kashewa wajen buɗe wa ruwa hanya bayan an gine ta sun ninka abin da za a kashe da an bar ta tun farko, ban da gidajen da sai an rushe.

Ƙananan laifuffuka ma suna taruwa su yi ɓarna: rufe kwata da kankare a ƙofar gida ba tare da barin murfin da za a ɗaga a yashe ba, toshe kwalbati don mota ta sami hawa, ɗaga daɓen gida sama da na maƙwabci har ruwanka ya koma ɗakinsa. Sai kuma indararo. A fiƙihu da doka duka, ba ka da ikon juya ruwan rufinka ya zuba cikin gidan wani ko a gindin katangarsa. Wanda ya cire soro ya buga kwano yakan manta da wannan. Soro yana tara ruwa ya fitar ta indararo ɗaya ko biyu da aka san inda suke zuba tun kakanni, kwano kuwa yana watsa shi tsawon bakinsa duka, da ƙarfi. Idan katangar maƙwabci ta ƙasa ce, damina biyu ta isa ta cinye gindinta.

Bene a kan tsohon tushe

Wannan ne laifin da ke kashe mutane nan take, don haka mu yi lissafinsa a hankali. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana da kimanin murabba'in mita 13. Dakin kankare mai kaurin inci 6 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ke nan rufin ɗaki ɗaya ya haura tan huɗu da rabi, tun ba a aza bulon sama ba, ba a sa kaya ba, mutane ba su hau ba. Idan aka ɗora tankin ruwa na lita 2,000, an ƙara tan biyu a wuri guda. Yanzu ku tambayi kanku: tushen da aka haƙa shekara arba'in da suka wuce don ya ɗauki bango da kwano, wa ya auna shi ya ce zai ɗauki wannan?

Galibi ba wanda ya auna. Mai gida ya kira birkila, birkila ya dubi bango ya buga shi da hannu ya ce zai ɗauka, in ya so a sa fila a kusurwoyi. Sai a sassaƙe bango a cusa rodi, ba tare da an haƙa wa filar nata tushen ba. Birkila gwani ne a aikinsa, kuma ba raini a wannan magana, amma lissafin nauyi da ƙarfin ƙasa aikin injiniyan gini ne mai rajista da hukumar COREN, kamar yadda zanen gida aikin mai zane ne mai rajista da ARCON. 

Sai ha'incin kayan aiki. Kankaren da za a yi daki ko fila da shi, awon da aka saba shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma yana buƙatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, kankaren da ba a shayar ba yakan bushe kafin ya nuna, ya yi kyau a ido alhali ba ƙarfi. Bulon da aka buga da siminti kaɗan kuwa kowa na iya gane shi, domin da yatsa ake murje gefensa. A Agustan 2022 bene ya rufta a titin Beirut a Kano ana cikin ƙara masa hawa. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ɗalibai na cikin aji, mutum 22 suka rasu. Duk wanda ya ga tsagewa a bango mai tafiya a karkace, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa bayan an aza bene, ko daki ya yi ciki, to a fitar da iyali tukuna, sannan a nemi injiniya.

Bene yana da wata matsalar a tsohuwar unguwa. Gidan Bahaushe an gina shi ne kan sutura: zaure, shigifa, sannan tsakar gida inda mata ke aikinsu a sake. Taga ɗaya ta bene na iya tona tsakar gida biyar. Malamai sun hukunta toshe irin wannan taga, kuma gyaranta a takarda ba ya cin ko sisi: a ɗaga ta sama da tsayin mutum, ko a juya ta gefen titi.

Iska, masai da wuta

Gado ne ke jawo yawancin cunkoso. Gida ɗaya ya faɗa hannun magada goma, ba mai son ya bar unguwar iyayensa, ba kuma mai kuɗin sayen fuloti. Sai a yanka tsakar gida, a gine turken dabbobi, a sare darbejiya, a jera ɗakuna baya da baya. Wannan ba mugunta ba ce, rashi ne, kuma ina ganin duk mai tsara gari da bai fahimci haka ba zai yi ta rubuta takardun gargaɗi ne a banza. Sai dai jiki bai san uzuri ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin ɗaki, wato ɗakin 12 da 12 yana son taga kamar ƙafa huɗu da huɗu, kuma gara a raba ta bango biyu don iska ta shiga ta fita. Yankinmu na cikin ƙasashen sanƙarau. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, a 2017 kuma cutar ta sake yin ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Cunkoson masu barci a ɗaki marar iska lokacin bazara yana cikin abubuwan da ke yaɗa ta, haka ma tarin fuka.

Masai da rijiya kuwa, ma'aikatan lafiya na son a bar kimanin mita 30 tsakaninsu. A cikin tsohon gari da wuya a sami haka, domin masanka na iya zama taku biyar daga rijiyar maƙwabci, katanga ce kawai ta ɓoye muku juna. Inda tazarar ba ta samuwa, sai a gine ramin da bulo a shafe shi da siminti don kada ya tsiyaya, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, kuma kada a sha ruwanta sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin. Sakin ruwan masai cikin kwata laifi ne a doka, kuma hanya ce ta amai da gudawa, wadda ta kashe mutane da yawa a jihar nan a daminar 2021.

Game da lantarki, ƙa'ida ta hana gini ƙarƙashin manyan wayoyi. Wayar da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000 ana barin mita biyar da rabi kowane gefe, mai 132,000 kuwa mita 15. Mai bene ko rumfar kwano kusa da waya ya sani cewa ba sai an taɓa babbar waya take kama mutum ba.

Gidan zama da ya koma wurin kasuwanci

A Sama Road da makamantanta wannan ya fi yawa. Gidan da aka zana don iyali ɗaya ya zama makaranta, ko asibiti, ko masauki, ko ofis. Sokawe ɗaya da aka yi wa mutum goma yanzu yana karɓar na ɗari biyu, ƙofar fita ɗaya ce, duk tagogi da ƙarfen ɓarayi, motoci sun cika titi, janareta na kwana yana ruri a jikin ɗakin barcin maƙwabci. Doka ba ta hana sauyin ba, ta ce dai a nemi izininsa, don a duba ko ginin da unguwar za su iya ɗauka.

Ginin ƙasa

Kuskure ne a ɗauka cewa ginin ƙasa shi ne saɓa doka, bulo kuma shi ne bin ta. Soron da aka gina da tubali da azara, ana yi masa yaɓe duk shekara, yana daɗewa fiye da bulon ha'inci, kuma ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe shi sau da yawa gyaran da ba a yi da sani ba ne. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshin da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe daga ciki, wata rana shafen ya ɓalle da rabin bango. Magina na da suna amfani da makuba da laso, waɗanda ke korar ruwa amma su bar bango ya sha iska. Masu wannan sani suna ƙarewa, kuma duk zauren da aka rushe aka yi shaguna a wurinsa ba ya dawowa.

A nan dole a faɗa wa hukuma tata gaskiyar. Tazarar da ake nema tsakanin gida da iyakar fuloti an tsara ta ne don fili mai ƙafa 50 da 100 ko fiye. Gidan Ƙofar Rini da ke raba katanga da maƙwabta uku ba zai taɓa cika ta ba. Idan ƙa'ida ta zama ba mai iya bi, mutane sukan daina zuwa neman izini gaba ɗaya, sai a rasa damar duba tushe da hanyar ruwa, waɗanda su ne ke da haɗari. Tsohon gari na buƙatar ƙa'idojinsa masu sauƙi da araha, a rubuce da Hausa, waɗanda masu unguwanni da magina za su sa hannu wajen tsarawa. Kuma ma'aikaci ya zo ranar da ake haƙa tushe ya fi amfani da ya zo da jan fenti bayan an buga kwano.

Idan za ka yi gini

Fara da maƙwabta da mai unguwa: a tsaya a ga iyaka, a ga inda ruwa zai bi, a rubuta abin da aka amince, shaidu su sa hannu. Sannan ka kai wa hukumar tsara birane shaidar mallakarka da zanen ginin, in bene ne ka haɗa da lissafin injiniya. Ka biya kuɗi inda za a ba ka rasit na gwamnati, ka aje kwafin zanen da aka buga wa hatimi a wurin aiki. Idan aka kawo maka takardar dakatar da aiki, ka dakata, ka je ofis da takardunka, domin doka ta ba ka damar a saurare ka da damar ɗaukaka ƙara. Wanda ya goge alama ya ci gaba da gini da dare ya ƙara wa kansa laifi na biyu kan na farko.

Aikin yi

1. Ku auna faɗin rariyarku da igiya ko tef a wuri mafi faɗi da wuri mafi matsi. Ku tambayi wani dattijo yadda take a ƙuruciyarsa, ku rubuta abin da ya ce.
2. Ku auna tsawo da faɗin ɗakin da kuke kwana, da na tagoginsa. Shin tagogin sun kai kashi ɗaya cikin goma?
3. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 za a yi masa daki mai kaurin inci 6. Nawa ne nauyin dakin?
4. Maƙwabcinka, wanda ya girme ka, ya fara haƙa sokawe a kan hanya. Ku tattauna a aji: wa za ka fara gani, kuma da wane lafazi za ka yi masa magana?